WA ZAI HAƘO TANKUNAN MAN DA KE BINNE A GOMARI?

Duk mutumin Barno da ya taso daga Ikko ko Badun ko Fatakwal za shi ganin gida, in motarsu ta wuce Damaturu da Benishek da Jakana, ta shiga Maiduguri ta Njimtilo, abin da zai fara cin karo da shi gidajen mai ne jere a bakin hanya, dama da hagu, har a kai kusa da filin jirgin sama. A nan ne unguwar Gomari take, cikin Ƙaramar Hukumar Jere. Waɗansu gidajen man suna ciniki, waɗansu kuwa famfunansu sun yi ƙura, an ja sarƙa a ƙofa, sai awaki da masu neman inuwa. Matafiyi ya kan dube su ya ce kasuwa ce ta juya wa mai wurin baya, Allah ya mayar da alheri, ya wuce abinsa. To, amma famfo da rumfa su ne kaɗai abin da ido ke gani. Ainihin gidan mai yana ƙarƙashin ƙasa, watau tankunan ƙarfe biyu ko uku ko huɗu, kowanne yana iya shanye lodin tanka guda mai lita 33,000, wani ma ya fi haka. In an rufe gidan mai, a kan kwance famfo a sayar, a kan cire kwano a kai wani wuri, amma tanki yana nan inda aka binne shi.

Dalilin da ya sa wannan magana ta taso yanzu ba ɓoyayye ba ne. Ran 29 ga watan Mayu 2023 Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Litar da a ke saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen watan Oktoba 2024 kuma ta wuce Naira 1,000 a wurare da yawa. Ɗan kasuwan da ya saba sauke tanka guda a kan abin da bai kai Naira miliyan 7 ba, sai ya wayi gari ana neman fiye da miliyan 30 a hannunsa, ga shi masu saye sun ragu. Ƙananan dillalai da dama a duk faɗin ƙasar nan ba su iya ba, suka rufe. A Jihar Barno kuwa akwai ƙarin dalilin tsaro, don hukuma ta daɗe tana sa ido a kan inda mai ke zuwa. Cikin watan Nuwamba 2019 Hukumar Kwastan ta hana kai mai gidajen da ke tsakanin kilomita 20 daga kan iyaka, cikin watan Mayu 2025 kuma Gwamna Babagana Zulum ya hana sayar da fetur a Ƙaramar Hukumar Bama. Kowane irin wannan umurni, ko da yana da hujjarsa, ya kan bar tankuna zaune ba mai leƙa su.

Direbobin tanka da ke kwana a Apapa suna jiran lodi sun fi kowa sanin cewa ba a taɓa tsotse tanki ƙarƙaf. Kullum a kan bar saura a gindi, da fetur da ruwa da laka, sun haɗu sun yi dagwalo. Ruwan nan da ke kwance a gindi shi ke cin ƙarfe daga ciki, danshin ƙasa kuma yana ci daga waje. Tankin ƙarfen da ba a yi masa wata kariya ba, in ya yi shekara 15 zuwa 20 a binne, to, ya shiga lokacin da za a fara yi masa zaton yoyo. Sau da yawa ma ba tankin ne ke fara huda ba, bututun da ya taso daga gare shi zuwa famfo ne, ko mahaɗar da aka ɗaure. Kuma ba sai huda ta yi girma ba. Ɗigo ɗaya a kowane sakan, in an lissafa, ya kai wajen lita 1,500 a shekara. Manajan da ke auna mansa da sanda safe da yamma ba zai lura da lita huɗu a yini ba, zai ce zafin rana ne ya sha, ko ya zargi yaran da ke kan famfo ya zaftare musu albashi. Gidan da aka rufe kuwa ko mai sandar ma babu.

Abin da ya sa wannan ya fi zama abin tsoro a Maiduguri bisa waɗansu garuruwa shi ne irin ƙasar da garin ke zaune a kai. Yerwa ba ta da dutse. Rairayi ne da yumɓu, shimfiɗa bisa shimfiɗa, irin na kwarin Tafkin Chadi. Masanan ruwa sun daɗe da rarraba ruwan ƙarƙashin garin kashi uku: na sama wanda bai wuce zurfin mita 100 ko kusa da haka ba, na tsakiya wanda sai an yi wajen mita 300 zuwa 400, da na ƙasa wanda ya zarce mita 500. Na tsakiya da na ƙasa yumɓu mai kauri ya rufe su, ba kasafai ƙazanta ke kai musu ba, amma haƙa su sai gwamnati ko babban attajiri. Talaka da mai matsakaicin hali na saman nan suke sha. Shi ne ƙananan rijiyoyin burtsatse na cikin gidaje ke ja, shi ne mai moya ke cika jarkokinsa da shi ya turo kura lungu-lungu yana sayarwa. Rairayi kuwa ba ya riƙe fetur. Abin da ya zurara daga tanki sauka zai yi ta yi har ya iske ruwa, sa'an nan ya kwanta a kansa, don ya fi ruwa rashin nauyi, ya bi shi duk inda ya gangara. Ruwan ƙarƙashin ƙasa bai san katanga ba, bai san takardar fili ba.

Sai kuma ga ambaliya. Daren 9 ga watan Satumba 2024, wayewar garin 10, madatsar ruwa ta Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle, shekara 30 cif bayan ambaliyar 1994. Ruwa ya mamaye Gwange da Fori da Kasuwar Monday da fadar Shehu da Asibitin Koyarwa na Jami'a da gidan namun daji, aka yi asarar rayuka, mutane dubu ɗari-ɗari suka bar gidajensu. An yi maganar gadoji da gidaje da kadoji da macizan da suka tsere, an yi maganar fursunonin da suka fita, amma maganar tankunan mai ba ta sami wuri a bakin jama'a ba. Alhali kuwa ambaliya aiki biyu take yi wa tanki. In da mai a cikinsa, ruwa ya kan shiga ta bakin da a ke zuba lodi ko ta bututun shan iska, ya nutse ƙasa ya turo man sama ya fita. In kuwa ba kome a ciki, sai ya zama kamar ƙwaryar da aka kife a tafki. Tanki mai lita 33,000 in ruwa ya kewaye shi, ƙarfin da ke tura shi sama ya kai tan 33, nauyinsa kuwa bai kai kusa da haka ba. In ba a ɗaure shi da kankare sosai ba sai ya motsa, in ya motsa bututu ya tsinke, kuma daga sama ba lalle a ga alama ba. Gwamnatin Tarayya ta amince da Naira biliyan 80 don sāke gina Alau, aka ƙaddamar da aikin cikin watan Maris 2025. Madalla da wannan. Amma tun da shi ke matatar ruwan famfon garin daga Alau take sha, duk cikas ɗin da madatsar ta samu ƙara tura mutane yake yi zuwa ga burtsatse, watau zuwa ga ruwan saman nan da tankuna ke rataye a kansa.

Mazauna Ikko ba sai an yi musu dogon bayani ba. In sun bi ta Iyana Ipaja suka shiga Baruwa, cikin Ƙaramar Hukumar Alimosho, za su tarad da unguwar da tun tsakiyar shekarun 1990 rijiyoyinta suka koma ba da fetur. A can ba tanki ne ya yi yoyo ba, bututun mai na gwamnati ne da ya ratsa wurin, amma ciwon ɗaya ne. Mutum ya jefa guga ya jawo abin da in an ƙyasta masa ashana zai kama. Aka rufe rijiyoyi barkatai, masu gida suka koma sayen ruwa, 'yan haya suka tashi, darajar gidaje ta faɗi. An kai kuka majalisa, malaman jami'a sun zo sun yi awo sun rubuta, shekaru suka yi ta wucewa mutanen Baruwa suna jira. A Ogale ta ƙasar Ogoni kuwa, rahoton da Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar cikin watan Agusta 2011 ya nuna an sami tataccen mai mai kaurin santimita 8 yana yawo a kan ruwan da rijiyoyi ke ja, kuma sinadarin benzin da ke cikin ruwan shan ya ninka abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi fiye da sau 900. Rahoton ya ce gyaran ƙasar Ogoni zai ci shekara 25 zuwa 30, a fara da Dala biliyan 1. Ba a ƙaddamar da aikin ba sai cikin watan Yuni 2016. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Shi wannan benzin yana cikin kowane fetur, kuma likitoci sun tabbatar yana jawo ciwon daji na jini. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce giram 1 cikin ruwa lita 100,000, watau abin da bai cika ƙaramin cokali ba cikin lodin tanka uku. Fetur ɗin da ke ɗauke da benzin kashi 1 cikin 100, lita ɗaya tasa tana da kusan giram 9. Mai karatu ya yi lissafin da kansa. Mugun abin shi ne ruwa yana iya wuce wannan iyaka nesa ba tare da uwargida ta ji wari a randa ba. Ranar da hanci ya ji, an daɗe ana sha. Tsofaffin gidajen mai kuma suna da ƙarin kaya, don har farkon shekarun 2000 fetur ɗin ƙasar nan da dalma a cikinsa, ita kuwa dalma ba ta ruɓewa a ƙasa.

Haƙo tanki ba aikin 'yan ga-ruwa da diga ba ne. Da farko a kan tsotse sauran mai da dagwalon gindi a zuba a durom-durom a kai inda aka tanada. Sa'an nan a kori hucin fetur ɗin da ya cika cikinsa, ko da ruwa ko da wata iska da ba ta kama wuta, a sa na'ura a auna a tabbatar ya fita. Wannan mataki shi ne mai kisa in aka tsallake shi, don tanki cike da mai bai kai wanda ba kome cikinsa sai huci haɗari ba. Tartsatsi ɗaya daga wutar mai walda ya isa. Wanda ya ga abin da ya faru a Majiya ta Jihar Jigawa cikin watan Oktoba 2024, inda mutum fiye da 150 suka ƙone wajen kwasar mai daga tankar da ta faɗi, ya san fetur ba ya ba da sanarwa. Bayan an kori hucin sai katafila ta buɗe ramin, a ɗaga tankin da bututansa duka, a duba jikinsa ko da huda. Daga nan ne ainihin aikin ke farawa: a ɗebi ƙasa daga gindin ramin da gefunansa da ƙarƙashin inda famfuna suke a kai ɗakin gwaji. In ta gurɓata a kwashe ta, a shanya ta a keɓaɓɓen fili ana juyawa ana zuba taki har ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa su cinye man, abin da zafin Barno zai taimaka masa ƙwarai. In kuwa man ya riga ya kai ga ruwa, sai a haƙa ƙananan rijiyoyin awo kewaye da wurin a gano inda ya nufa, a yi ta zuƙowa ana tacewa. Cire tanki aikin 'yan kwanaki ne. Wanke ruwan da ya ɓaci aikin shekaru ne, kuma kuɗinsa ya kan ninka kuɗin filin kansa.

Akwai masu sha'awar tankin tun kafin hukuma ta zo, su ne masu sayen tsohon ƙarfe, waɗanda a Maiduguri a ke kira 'yan ajakuta. Cikin watan Yuli 2023 Gwamna Zulum ya hana sana'ar tonon ƙarafa a jihar saboda rayukan da a ke rasawa a daji da kuma ɓarnar kayan gwamnati. Amma ƙarfe tan uku ko huɗu da ke kwance a tsakiyar gari ba mai tsaro abin kwaɗayi ne, kuma mai sayen ƙarfe ba ruwansa da ƙasar da ke ƙarƙashi. Zai ɗauke tankin, a mayar da ƙasa a rufe ramin, shaidar ta tafi, gubar ta zauna. Wanda ya fi wannan muni shi ne tsohon tankin mai ya koma wurin ajiye ruwa a gidan biredi ko gidan bulo ko wurin sayar da ruwa, don an ce an wanke shi da omo.

Doka fa akwai ta. Ƙasar nan ta fara farkawa ne cikin 1988, sa'ad da aka gano durom-durom na guba fiye da tan 3,000 da aka kawo daga Italiya aka jibge a wani fili a Koko, cikin Jihar Bendel ta wancan lokaci, ana biyan mai filin Naira 500 a wata. Gwamnatin Janar Babangida ta janye jakadanta daga Rum, ta tilasta aka kwashe kayan, ta kafa dokar soja mai lamba 42 a kan guba, da mai lamba 58 wadda ta haifi hukumar kiyaye muhalli ta FEPA. Cikin 1991 Sashen Albarkatun Man Fetur, watau DPR, ya fitar da ƙa'idojin muhalli na harkar mai. Aka kafa NOSDRA cikin 2006 don malalar mai, aka kafa NESREA cikin 2007. Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta rushe DPR, ta miƙa lasin gidajen mai ga sabuwar hukuma mai suna NMDPRA, ta kuma yi tanadin asusun kwashe kayan aiki in an daina amfani da su, da asusun gyaran muhalli. A jiha kuma ga BOSEPA mai kula da tsabtar muhalli, ga BOGIS mai riƙe da takardun filaye. Hukumomi dai ba su yi kaɗan ba, sai ma a ce yawansu ne ke sa kowa ya ga aikin na wani ne. Kuma duk waɗannan dokoki an yi su ne ido yana kan manyan kamfanoni da rijiyoyin mai na Kudu. Alhajin da ya gina gidan mai mai famfo huɗu cikin 1985, ya rasu, magada suka raba gado, filin ya faɗa hannun wanda ko lasin bai taɓa gani ba, wa za a kama?

Amurka ta sha wannan ruwa tun da daɗewa. Cikin 1984 majalisarsu ta yi dokar tankunan ƙarƙashin ƙasa, cikin 1988 aka ba masu gidajen mai shekara 10, zuwa watan Disamba 1998, kowa ya gyara tankinsa ko ya sauya ko ya haƙo shi. Tun daga lokacin an rufe tankuna fiye da miliyan ɗaya da rabi, an kuma tabbatar da yoyo a wurare fiye da 500,000. Abin lura a nan shi ne yadda suka yi da wuraren da ba a san mai su ba, ko mai su ya talauce. Cikin 1986 suka sa harajin kashi ɗaya cikin goma na kwabonsu a kan kowane galan, a ke tarawa a asusu don irin waɗannan wurare. Mai mota bai ko ji a jikinsa ba. Ƙasar da ke shan fetur lita miliyan 40 zuwa 50 a kowace rana, in ta ware kwabo 50 kaɗai a lita, ta tara Naira miliyan 20 ko fiye kafin rana ta faɗi. Ko kuɗin zai isa inda aka nufa da shi, wannan kuma wata magana ce, mutanen Ogoni suna da abin cewa a kai.

Kada kuma a ce wannan aikin Turawa ne, ba a iya shi a Arewa. An yi shi a Zamfara. Bayan gubar dalma ta kashe yara wajen 400 cikin 2010, an bi gida-gida a Dareta da 'Yargalma ana kankare ƙasar tsakar gida ana kwashewa ana zuba sabuwa, kuma mutanen ƙauyukan ne suka yi aikin da hannunsu bayan an koya musu. Bagega ce ta yi ta jira har 2013 kafin Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗi, likitoci kuwa suka ce ba amfanin ba yaro magani a mayar da shi gidan da gubar take. Jinkirin nan yara ne suka biya shi.

Abin da ya kamata a fara da shi a Gomari da sauran unguwannin bakin hanyar Kano ba ya bukatar biliyoyi. NMDPRA ta san wanda ta ba lasi, BOGIS ta san mai fili, Lawani da Bulama kuwa sun san wurin da gidan mai yake a dā ko da yanzu shaguna ne a kai. In aka haɗa ukun nan za a san tanki nawa ne a binne, shekarar kowanne nawa, wanne ne ke aiki, wanne aka yi watsi da shi. Sa'an nan a ɗebi ruwan burtsatsen da ke maƙwabtaka da su a auna, Jami'ar Maiduguri tana da malaman da wannan ne fanninsu. Daga nan a kafa sharaɗi cewa ba za a sauya sunan mai fili a takarda ba, ba kuma za a ba da izinin gini a tsohon gidan mai ba, sai an nuna shaidar an haƙo tanki an gwada ƙasa. Mai sayarwa da kansa zai nemi katafila in ya ga cinikinsa ya tsaya.

Wannan ya shafi 'yan ci-rani kai tsaye, don kuɗin da a ke tarawa a Mile 12 da Alaba Rago da Agege da Sabon Shagamu yawancinsa fili a ke saye da shi a gida, kuma ta waya a ke cinikin. Dillali zai ce fili ne a bakin titi, an riga an zuba masa kankare, ga araha. Kankaren nan shi ne abin tambaya. A sa ɗan'uwa ya je ya duba ko akwai murfin ƙarfe a ƙasa, ko bututu siriri tsaye a jikin katanga, ko tudun siminti inda famfo ya taɓa zama, ya kuma tambayi dattawan unguwa abin da ke wurin shekara 20 da suka wuce. In an ce gidan mai ne, a tambayi inda tankunan suke da wanda ya cire su, a kuma rubuta cikin takardar ciniki, gaban shaidu, wanda zai ɗauki nauyin abin da aka tarar a ƙasa. Wanda kuma ya aika kuɗi a haƙa wa mahaifiyarsa burtsatse a gidan da ke bayan gidan mai, ya ƙara ɗan abin da za a kai ruwan a gwada, ya kuma faɗa wa mai gwajin a fili cewa fetur a ke nema, don gwajin da aka saba yi na ƙwayoyin cuta da gishiri ba ya nuna benzin.